Filin Tambaya da Amsa: Ɗalibaina Suna Cin Cike Gurbi, Amma Ba Sa Iya Rubutu da Sifaniyanci

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan rubutu suka tsaya, don haka na zaɓi huɗu na taƙaita su. Manyan misalan Sifaniyanci zan biyo su da ma'anarsu, domin wanda bai fara harshen ba ma ya iya bin mu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malama ce, ina koyar da Sifaniyanci a aji na farko da na biyu. In na ba ɗalibaina cike gurbi, kusan kowa yana cinyewa. Amma da na ce a rubuto mini sakin layi ɗaya a kan iyali, sai a yi tsuru-tsuru. Wasu su miƙo farar takarda, wasu su kwafo daga waya. Wane irin aiki ya kamata in riƙa ba su?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Abin da kika gani ba ya nuna yaran ba su da kai, ba ya kuma nuna koyarwarki ce ta gaza. A cike gurbi an riga an yi wa yaro tunani, an zaɓa masa kalmomi, an jera su, an bar masa rami ɗaya tak. A rubutu kuwa shi zai nemo abin faɗa, ya lalubo kalmar, ya tuna jinsinta, ya juya aikatau, duk a lokaci guda. Wata mai bincike a Kanada, Merrill Swain, ta yi bayanin wannan tun 1985, bayan ta duba yara masu jin Ingilishi da ake koyar da su darussa da Faransanci. Shekara da shekaru suna saurare suna karantawa, fahimtarsu ta yi kyau ƙwarai, amma da sun buɗe baki ko sun ɗauki biro sai kurakuran nahawu su fito fili. Abin da ta fahimta shi ne, sai mutum ya matsa wa kansa ya faɗi abu yake gane inda iliminsa ya tsaya.

Sakin layi a kan iyali ya yi wa ɗan aji ɗaya girma a matsayin matakin farko. Ni da jimla ɗaya nake farawa. Nakan rubuta a allo: Mi hermano lee, wato ɗan'uwana yana karatu. Sai in tambaye su, me yake karantawa? A ina? Yaushe? Don me? Kowace amsa a ƙara ta a jikin jimlar, kowa a littafinsa, har mu kai ga Mi hermano lee un libro en su cuarto por la noche porque mañana tiene un examen, ɗan'uwana yana karanta littafi a ɗakinsa da dare saboda gobe yana da jarrabawa. Yaron da ya ce bai iya rubutu ba sai ya ga layi biyu da hannunsa. Mahaɗai huɗu sun ishe su a zangon farko: y, pero, porque, cuando, wato da, amma, saboda, lokacin da. Minti biyar a farkon kowane darasi ya fi insha'i guda a ƙarshen wata amfani nesa ba kusa ba.

Abin da na fi damuwa da shi kuwa, Malama, shi ne wanda zai karanta. Yawancin rubutun da muke sa yara ba shi da mai karatu sai jan biro. Yaro ya san kin san yana da uwa da uba da ƙanne, ya san ba labarin kike nema ba, kuskure kike nema. To don me zai zage? Ki gwada wannan. Kowa ya rubuta jimla biyar yana siffanta ɗakinsa, ko ɗakin da ya ƙirƙira. A yi musayar takardu, wanda ya karɓa ya zana ɗakin bisa abin da aka rubuta kawai, ba tambaya, ba magana. Sai a mayar wa mai rubutu zanen. In ya ga gadonsa ya koma bakin ƙofa, shi da kansa zai koma ya duba ko izquierda ya rubuta a inda yake nufin derecha, hagu a maimakon dama. A wannan aikin ne bambancin hay da está yake zauna musu: Hay una mesa, akwai tebur, in ana gabatar da abu karon farko, La mesa está al lado de la cama, teburin yana gefen gado, in ana faɗin inda abin da aka riga aka sani yake. Na sha bayyana wannan ƙa'ida a allo ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, amma ranar zanen ɗaki takan kama. Haka kuma 'yan wasiƙu a cikin aji: kowa ya rubuta wa wani tambaya biyu da yake son sanin amsarsu da gaske, wancan ya amsa a rubuce. Mai jiran amsa ba ya rubutun ganin dama.

Akwai wata irin shifta da nake so ƙwarai, wadda Ruth Wajnryb ta yaɗa a littafinta na 1990. Ki karanta gajeren labari mai jimla biyar ko shida da saurin magana na yau da kullum. Karon farko su saurara kawai, biro a ajiye. Karo na biyu su tsinci kalmomin da suka iya kamawa. Daga nan su zauna uku-uku su sake gina labarin. Ba a neman ya zo daidai kalma da kalma, ana neman ma'anar ta cika, nahawun ya tsaya. Ki zagaya ki saurari gardamarsu. Za ki ji wannan yana cewa fue ne, wancan yana cewa era ne, siffofi biyu na "ya kasance", kowa yana kawo hujja. Wannan gardamar ita ce darasin, kada ki yi saurin raba ta.

Tunda na ambaci fue da era, 'yan ajinki na biyu za su yi karo da shuɗaɗɗun lokuta biyu, indefinido da imperfecto, kuma a nan mai jin Hausa yana da sa'a in an nuna masa hanya. Duba yadda muke ba da labari: ana ruwa, ina zaune a gida, sai waya ta yi ƙara. Sifaniyanci ma haka yake raba su: Llovía y yo estaba en casa cuando sonó el teléfono. Yanayin da ake ciki imperfecto ne, abin da ya faɗo bayan "sai" indefinido ne. Ba kowane wuri wannan ma'auni yake aiki ba, amma ya isa a fara da shi. Nakan ba su hotuna huɗu a jere, in ce hoton farko a siffanta shi kawai, wa ke wurin, me yake yi, yaya gari yake. Sauran ukun a faɗi abin da ya faru. Jinsi ma haka. Mun saba da cewa yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin a mata ne, kuma mun saba da masu saɓa wa ƙa'ida irin gida da ruwa. Don haka el día, el mapa, el problema da la mano ba za su ba ɗalibinki mamaki ba, sai dai ya haddace su, kuma kada ya taɓa rubuta sabon suna a littafinsa ba tare da el ko la a gabansa ba.

Saura gyara, kuma a nan ne yawancinmu muke ɓata aikin da muka fara da kyau. Malami ya kwana yana jan biro, ya gyara kowane kuskure da hannunsa, yaro ya karɓa ya dubi maki ya ninke takarda. Wanda ya yi atisaye a nan malamin ne. A 1996 John Truscott ya kai ga cewa a daina gyaran nahawu a rubutun masu koyon harshe gaba ɗaya, Dana Ferris ta mayar masa da martani a 1999, masana suka yi ta kai-komo a kai. Ni ban yarda a daina ba. Abin da na yarda da shi, gyaran da ba a sa yaro ya sake rubutu a kansa ba, wahalar banza ce. Ki zaɓi abu ɗaya ko biyu a mako, ki sanar da su tun kafin su fara: wannan makon dacewar suna da sifa kawai zan duba. Ki ja layi a ƙarƙashin wurin, ki sa alama a gefe, J don jinsi, A don aikatau, H don harafi, kada ki rubuta amsar. Su nemo da kansu, su sake rubutawa, kuma makin ya hau kan rubutu na biyu. Sauran kurakuran ki kau da kai, makonsu yana zuwa. A ƙasan takardar kuma ki rubuta jimla ɗaya da Sifaniyanci a kan abin da yaron ya faɗa, ko da tambaya ce kamar ¿Cómo se llama tu hermana?, yaya sunan 'yar'uwarka. Zai gane an karanta shi. Masu kwafowa daga waya kuwa, in aikin gajere ne, a aji ake yin sa, kuma abokin zama yana jiran amsa, kwafen ba ya da wurin shiga.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne. Kullum ana rage mini maki saboda 'yar karan nan da ake ɗorawa a kan wasali. Ni kuwa gani nake ado ce kawai, tunda ana gane abin da na rubuta. Dole ne sai na koye ta?

Amsa: Ɗana, dole ne, kuma ta fi sauƙi a kan yadda kake tsammani. Sunanta tilde. Hablo na nufin ina magana, habló na nufin ya yi magana. Mutum ya canja, lokaci ya canja, kuma bambancin duka wannan 'yar karan ce. Haka esta da está, wannan da yana nan; si da sí, idan da i; tu da tú, naka da kai. Na san daga inda wahalar take. A rubutun boko ba ma sa alamar karin sauti ko tsawon wasali, mai karatu ne yake ganewa daga jimla, don haka hannunmu bai saba komawa saman kalma ba.

Ƙa'idar ga ta. Kalmar da ta ƙare da wasali, ko n, ko s, ana danna gaɓarta ta kusa da ƙarshe, kamar casa da joven. Wadda ta ƙare da wani baƙin daban ana danna gaɓarta ta ƙarshe, kamar papel da ciudad. Duk kalmar da ta saɓa wa wannan, ita ake ɗora wa tilde don a gargaɗi mai karatu: café, canción, árbol, lápiz. In kuma dannawar ta faɗa a gaɓa ta uku daga ƙarshe, kullum akwai tilde: música, teléfono. Kalmomin tambaya ma suna ɗauke da ita: qué, cómo, dónde, cuándo. Akwai 'yan ƙarin bayanai, irin na día da país inda ake raba wasula biyu, amma wannan ya ɗauke maka mafi yawa.

Atisayen da nake bayarwa shi ne juya tilo zuwa jam'i, domin a nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace. Canción in ta zama canciones sai tilde ta faɗi. Examen in ta zama exámenes sai ta hau. Ka tambayi kanka dalili kowane karo, ka faɗi kalmar da ƙarfi kana tafa hannu a gaɓar da ake dannawa. Sannan ka kwafi sakin layi daga littafinka ba tare da ko tilde ɗaya ba, ka rufe littafin, gobe ka mayar da su, ka buɗe ka gwada.

Ka haɗa da shifta ta gargajiya, don akwai wuraren da kunne ba ya taimako. Harafin h ba a furta shi, shi ya sa hola da ola, gaisuwa da igiyar ruwa, sauti ɗaya ne. B da v ma furucinsu ɗaya, tubo da tuvo ba su da bambanci a baki. Mu kuma muna da namu tarkon na p da f: puente gada ce, fuente maɓuɓɓuga ce. Ka sa wani ya karanta maka irin waɗannan cikin jimla kana rubutawa. Alamar tambaya da ta motsin rai kuma biyu-biyu suke, ¿ da ¡ a farko, ? da ! a ƙarshe. Hukumar kula da harshen, Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713, ita ta shigo da wannan tsari a ƙa'idojin rubutunta na 1754. Sunayen ranaku da watanni da harsuna kuwa da ƙaramin baƙi ake fara su: lunes, enero, español. In a waya kake rubutu, ka ƙara Sifaniyanci a cikin harsunan madannai, ñ da wasula masu tilde za su samu, amma ka kashe gyaran kai-tsaye lokacin atisaye, in ba haka ba wayar ce za ta iya, ba kai ba.

Tambaya: Malam, ni magidanci ne, ina koyo ni kaɗai bayan na tashi daga aiki. Ba ni da malami, ba ni da wanda zai duba mini. Ina tsoron in yi ta rubuta kuskure har ya zauna mini.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara himma. Tsoronka yana da tushe, amma akwai tsohuwar dabara da take mayar da littafi ya zama mai gyara. Roger Ascham, wanda ya koyar da Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta Ingila tun tana gimbiya, ya bayyana ta a littafinsa da ya fito a 1570, a kan koyon Latin. Ka ɗauki sakin layi na Sifaniyanci mai kyau, wanda ka fahimta sarai, layi huɗu ko biyar. Ka fassara shi zuwa Hausa a wata takarda. Ka ajiye asalin kwana biyu, har kalmominsa su fara dushewa a ranka. Sai ka ɗauki Hausar ka mayar da ita Sifaniyanci, ka buɗe asalin ka jera su gefe da gefe. Duk inda kuka saɓa, ka tsaya ka tambaya: kuskure na yi, ko wata hanyar faɗa ce? A nan za ka kama abubuwan da ido yake tsallakewa in ana karatu kawai, irin 'yar a ɗin nan da ake sawa kafin mutum, Veo a mi madre, ina ganin mahaifiyata, ko inda aka ce por kai ka ce para, kalmomi biyu da duk suke iya nufin "don".

Ka keɓe littafi guda na kurakuranka. Shafi kashi biyu, abin da ka rubuta a gefe, daidai a ɗaya gefen. Bayan 'yan makonni za ka ga ba kurakurai masu yawa kake yi ba, 'yan ƙalilan ne suke ta dawowa. Su za ka ƙirƙiro wa sababbin jimloli.

Ban da wannan, jimla uku kowane dare a kan yininka: abin da ka yi, abin da ka gani, abin da za ka yi gobe. Ka ga lokuta biyu ke nan sun shigo, shuɗaɗɗe da mai zuwa. Kada ka rubuta abin da ya fi ƙarfinka. In tunanin ya zo da Hausa mai zurfi, ka sassauta shi har ya dace da kalmomin da kake da su. Ƙamus ɗin Real Academia yana intanet kyauta, kuma kowane aikatau ka nema zai nuna maka yadda ake juya shi a dukan lokuta. Duk da haka, in ka samu mai jin harshen da za ku riƙa musayar saƙo ko sau ɗaya a mako, ka riƙe shi da kyau. Littafi ba ya tambayarka me kake nufi.

Tambaya: Malam, ina shirin rubuta jarrabawar DELE matakin B1. Nakan rubuta da Hausa ko Ingilishi in sa a Google Translate, sannan in haddace abin da ya fito. Wannan hanya za ta kai ni?

Amsa: 'Yata, ba za ta kai ki ba, kuma gara ki ji yanzu. DELE takardar shaida ce da cibiyar Instituto Cervantes, wadda Sifaniya ta kafa a 1991, take gudanar da jarrabawarta a matakai shida, daga A1 zuwa C2. A B1 ɓangaren rubutu minti 60 ne, aiki biyu. Na farko amsa wasiƙa ko saƙo cikin kalma 100 zuwa 120, na biyu rubutu na kalma 130 zuwa 150 inda za ki ba da labari ko ki faɗi ra'ayi. Kowane aiki yana zuwa da jerin abubuwan da dole ki taɓo, kuma ba ki san su ba sai kin buɗe takarda. Haddar da kika yi ba za ta dace da su ba.

Ki juya tsarin. Ki rubuta da kanki tukuna, da agogo a gabanki, ba waya ba ƙamus. Bayan kin gama ne za ki iya sa na'ura ta fassara miki abin da kika rubuta zuwa harshen da kika fi ji, ki ga ko abin da kike nufi ne ya fito. Ki saba da ƙirga kalmominki har idonki ya san girman kalma 120 a rubutun hannunki, domin ranar jarrabawa ba lokacin ƙirge-ƙirge.

Ki kula da siffar wasiƙa. Bayan gaisuwar buɗewa ɗigo biyu ake sawa, ba waƙafi ba: Querido amigo: ga aboki, Estimado señor: ga wanda ake girmamawa. Rufewa Un abrazo ga na kusa, Atentamente ga hukuma ko baƙo. In kin fara da tú, wato kai ko ke na sabo, ki ƙare da tú, in da usted ne, na girmamawa, ki riƙe usted har ƙasa, da aikatau ɗinsa da kalmar mallakarsa ta Sifaniyanci, su, wato naka, don gauraya su kuskure ne da yake saurin bayyana. Ba a tilasta miki salon Sifaniya ba. In ustedes kika saba da shi wajen cewa "ku" kamar mutanen Meziko da Kolombiya, ba sai kin koma vosotros na mutanen Sifaniya ba, ki dai tsaya a kan guda.

Atisayen da zan ba ki na wannan watan: wasiƙa ɗaya ki rubuta ta sau biyu. Ki nemi a ɗage miki wani alƙawari, karon farko wurin ƙawarki, karo na biyu wurin shugabar makarantarku. In kin gama, ki ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ta canja tsakanin biyun, ki aiko mini da su in duba.